HAƘƘIN MAI SAYE IDAN AIBI YA BAYYANA A MOTAR DA YA SAYA

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai, wanda ya halatta ciniki ya haramta riba da ha'inci. Tsira da amincin Allah su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.



Abin da za mu tattauna a kansa yau mas'ala ce ta kasuwa, wadda ta raba aminai, ta shiga tsakanin surukai, ta kuma cika zaurukan masu unguwanni da kotuna da ƙararraki. Mutum ne zai tara kuɗinsa shekara da shekaru, ko ya karɓi kuɗin sallamarsa daga aiki, ko ya sayar da gonar gado, ya tafi wurin masu sayar da motoci ya sayi wadda aka riga aka yi amfani da ita, domin ya riƙa kai iyalinsa asibiti ko ya sa ta haya ya ci abinci. Kafin mako ya zagayo sai inji ya fara hayaƙi, ko giya ta ƙi shiga, ko bakanike ya leƙa ƙarƙashinta ya ce ai wannan motar ta taɓa yin mummunan haɗari. Idan ya koma wurin wanda ya sayar masa, sai a ce masa ciniki ya riga ya faɗa, kaya in sun fita ba sa dawowa. Shin wannan magana tana da gindi a Shari'a? Mene ne haƙƙin mai saye, kuma ina iyakarsa?

ASALIN CINIKI YARDA CE

Allah (SWT) a cikin Suratun Nisa'i, aya ta 29, ya hana muminai cin dukiyar junansu ta hanyar ɓarna, ya keɓance kasuwancin da aka ƙulla bisa yardar ɓangarori biyu. Malamai suka ce yarda ba ta tabbata sai da sani. Wanda ya miƙa kuɗinsa yana zaton lafiyayyar mota ya saya, alhali mai sayarwa ya san injinta ya gaji, to lafiyayyar ya yarda da ita, wannan da aka miƙa masa kuwa bai taɓa yarda da ita ba. Saboda haka abin da aka karɓa daga gare shi fiye da ƙimar motar ta gaskiya ya shiga cikin cin dukiya da ɓarna, ko da an yi musafaha, ko da an sa hannu a takarda.

Imamu Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira (RA) cewa Manzon Allah (SAW) ya wuce wani mai sayar da abinci a kasuwa, ya cusa hannunsa cikin tsibin, sai yatsunsa suka ji danshi. Da ya tambaya, mutumin ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi. Manzon Allah (SAW) ya tuhume shi kan rashin ɗora jiƙaƙƙen a sama inda mutane za su gani, sannan ya barranta daga mai algus. Ku lura, 'yan uwa, mutumin nan bai buɗe baki ya yi ƙarya ba, kuma ba shi ya jiƙa abincin ba. Laifinsa shi ne ya tsara kayan yadda ido ba zai kai ga aibin ba. Haka nan Ibnu Majah ya ruwaito daga Uƙbatu bin Amir (RA) cewa bai halatta Musulmi ya sayar wa ɗan uwansa abin da ke da aibi ba sai ya bayyana masa. Ke nan shiru a kan aibin da aka sani shi kansa haramun ne.

SIFFOFIN ALGUS A KASUWAR MOTA

A zamanin Manzon Allah (SAW) akwai masu ɗaure hantsar raƙuma ko akuya kwana biyu ko uku ba a tatsa ba, domin mai saye ya ga ta cika ya zaci mai yawan nono ce. Bukhari da Muslim sun ruwaito hani a kan haka, da cewa wanda ya saya yana da zaɓi bayan ya tatsa: ya riƙe, ko ya mayar tare da sa'i ɗaya na dabino a madadin nonon. A wata ruwaya ta Muslim an ba shi kwana uku. Wannan hadisi shi ne tushen babin da malaman fiƙihu ke kira tadlisi, wato ƙawata kaya da abin da ba ya cikinsu.

Ɗaure hantsa a kasuwar mota yana da kamanni da yawa. Daga ciki akwai mayar da mitar da ke ƙirga tafiyar mota baya, motar da ta ci kilomita dubu 300 a mayar da ita dubu 90. Akwai zuba baƙin mai mai kauri domin ya danne ƙarar inji da hayaƙi na 'yan kwanaki. Akwai kashe wutar gargaɗi da ke kunnuwa a gaban direba, domin kada ta tona asirin abin da ke damun injin. Akwai cire abin da ke tace hayaƙi a cikin salansa, wanda makanikai ke kira indomi, a sayar da shi daban saboda tsadarsa. Akwai motar da shasinta ya karye aka yi masa walda, aka cike lotsawar jikinta aka bi da fenti, aka ce ko ƙwarzane ba ta taɓa yi ba.

Mafi muni a cikinsu shi ne wanda ya shafi rai. Motar da ta yi haɗari jakar iskarta ta fashe, sai a ɗinke wurin a rufe ba tare da an sa wata ba. Mai saye yana tafe da matarsa da 'ya'yansa yana zaton akwai kariya a gabansu, alhali babu komai. Wanda ya aikata haka ya sani cewa ranar da aka yi karo, yana da kaso a cikin jinin da ya zuba.

Wajibi ne kuma mu san inda da yawa daga cikin motocin nan suke fitowa. A Amurka, idan mota ta yi haɗari ko ambaliya ta shanye ta, kamfanin inshora yakan biya mai ita, ya sayar da gawar a gwanjo da takardar da ke nuna ta lalace. A shekarar 2017, guguwar Harvey ta nutsar da motoci dubu ɗaruruwa a yankin Houston na jihar Texas. Irin waɗannan motoci ana sayensu da araha, a yi musu kwaskwarima, a kawo su ƙasashenmu. Sayen su da gyara su halal ne. Abin da ya haramta shi ne ɓoye tarihinsu, domin motar da ta kwana a ruwa wayoyinta sukan ci gaba da ruɓewa a hankali, cutar ba ta bayyana sai bayan watanni.

WANE AIBI NE AKE MAYAR DA MOTA SABODA SHI?

Ba kowace matsala ce ke ba mai saye damar mayarwa ba, kuma adalci ya wajaba a kan kowane ɓangare. Malamai sun gindaya sharuɗɗa.

Na farko, aibin ya zama irin wanda ke rage ƙimar kaya ko amfaninsu a al'adar masu wannan sana'a. Wanda ya sayi motar da ta shekara goma sha biyar a kan titi ya san tayoyinta sun ci, kujerunta sun koɗe, batirinta ba sabo ba ne. Wannan tsufa ne, kuma an riga an rage shi a cikin farashi. Amma fasasshen inji, da giyar da ta mutu, da karyayyen shasi, waɗannan babu mai saye da zai yarda da su a farashin lafiyayya.

Na biyu, aibin ya zama tsoho, wato yana nan tun motar tana hannun mai sayarwa. Wanda ya tuƙa mota babu ruwa a lagireto har inji ya ƙone, shi ya jawo wa kansa.

Na uku, ya zama mai saye bai san da shi ba lokacin ciniki. Abin da aka nuna masa ya gani ya yarda, ko abin da yake a fili kamar tsagaggen gilashi, babu dawowa saboda shi.

Na huɗu, kada ya aikata abin da ke nuna ya yarda bayan ya gano. A nan ne mutanenmu da yawa suke asarar haƙƙinsu. Malaman Malikiyya sun ambata cewa wanda ya ga aibi a dabba ya ci gaba da hawanta, ya nuna yarda, sai fa matafiyin da larura ta tilasta masa. Haka nan wanda ya yi shiru kwanaki babu uzuri. Saboda haka wanda aibi ya bayyana masa a hanyar Kano zuwa Zariya yana iya ƙarasawa gida da motar, amma ba zai yi wata biyu yana lodin fasinja da ita ba, sannan ya zo ya ce bai yarda ba.

Akwai kuma aibin da ba a jikin ƙarfe yake ba. Tun daga watan Janairu na 2017, lokacin da gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta kan iyakokin ƙasa, mutane da yawa sun sayi motocin da aka yi fasa-ƙwaurinsu daga Kwatano da takardun jabu, jami'an kwastan suka ƙwace su a hanya. Takardar bogi aibi ce babba. Idan kuwa motar ta sata ce, mai ita na asali ya fi kowa cancantar abinsa, shi kuma mai saye ya koma kan wanda ya sayar masa ya karɓi kuɗinsa cif.

ZAƁIN DA SHARI'A TA BA MAI SAYE

Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani, a cikin Risala wadda ake karantawa a zaurukanmu, ya bayyana hukuncin a taƙaice. Wanda ya sami tsohon aibi a abin da ya saya, kuma abin yana nan yadda yake, yana da zaɓi biyu: ya riƙe a haka ba tare da an mayar masa da komai ba, ko ya mayar ya karɓi dukan kuɗinsa. Malaman Hanbaliyya sun ƙara masa damar ya riƙe kayan a biya shi ragin aibin. Idan kuma ɓangarorin biyu suka yi sulhu a kan ragi bisa yardarsu, babu laifi wurin kowa.

Idan wani sabon aibi mai ɓata kaya ya auku a hannun mai saye kafin ya gano tsohon, sai a ba shi zaɓi: ya riƙe motar a biya shi ragin tsohon aibi, ko ya mayar da ita ya biya abin da sabon aibin ya rage. Ga yadda ake lissafin ragin. A ɗauka an sayi mota naira miliyan 6. Masana suka ƙiyasta cewa da lafiyarta ƙalau ƙimarta miliyan 5 ce, da wannan aibi kuwa miliyan 4. Aibin ya rage kashi ɗaya cikin biyar ke nan. Sai a cire kashi ɗaya cikin biyar na kuɗin da aka biya, wato naira miliyan 1 da dubu 200, a mayar wa mai saye.

Malikiyya sun kuma bambanta tsakanin wanda ya sayar bai san da aibi ba da wanda ya sani ya ɓoye. Idan kayan suka halaka saboda aibin da aka ɓoye da gangan, asarar tana kan mai sayarwa, kuma zai mayar da dukan kuɗi. Wanda ya san wayoyin mota sun lalace ya rufe bakinsa, motar ta kama wuta saboda su, ba shi da ikon cewa a kawo masa motarsa tukuna.

Ga wata tambaya da ake yawan yi: wanda ya yi haya da motar kafin ya gano aibin, shin zai mayar da abin da ya samu? Ba zai mayar ba. Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito daga Nana A'isha (RA) ƙa'idar cewa amfanin abu yana bin wanda lamuninsa ke wuyansa. Da motar ta ƙone a waɗannan kwanaki ta dalilin da bai shafi aibin ba, shi zai yi asara, don haka abin da ta samo nasa ne.

“NA SAYAR MAKA A YADDA KA GAN TA”

Wannan ita ce garkuwar da masu sayarwa suka fi fakewa a bayanta. Wani ma yakan ce, ni tarin ƙarfe na sayar maka, komai nata ya lalace, yana faɗa yana dariya domin mai saye ya ɗauka wasa ne. Shehu Khalil a cikin Mukhtasar ya toshe wannan ƙofa, inda ya nuna cewa wanda ya san aibi dole ya ambace shi, ya siffanta shi ko ya nuna shi, kada ya dunƙule shi a cikin magana ta gaba ɗaya.

Imamu Malik ya kawo a cikin Muwaɗɗa cewa Abdullahi bin Umar (RA) ya sayar da wani bawa dirhami 800 bisa sharaɗin barranta daga aibi. Mai saye ya sami cuta a jikinsa, suka kai ƙara gaban Halifa Usman bin Affan (RA). Usman ya hukunta cewa Ibnu Umar ya rantse bai san da cutar ba lokacin da ya sayar. Ibnu Umar ya ƙi rantsuwa, ya karɓi bawan, daga baya ya warke a hannunsa ya sayar da shi dirhami 1,500. Darasin da ke ciki shi ne, sharaɗin barranta bai hana alƙali tambayar abin da mai sayarwa ya sani ba. Malamai sun yi saɓani kan aibin da mai sayarwa bai sani ba, amma mafi yawansu sun tafi a kan cewa sharaɗin ba ya kuɓutar da wanda ya sani ya ɓoye. Takardar da aka liƙa a bango cewa kaya ba sa dawowa ba ta shafe hukuncin Allah.

DILLALI DA BAKANIKE

Ya ku 'yan uwa dillalai, la'ada halal ce, amma tana tafe da amana. Imamul Hakim ya kawo labarin wani mutum da ya sayi raƙuma daga gidan sahabi Wasilatu bin Asƙa'i (RA). Bayan ya fita, Wasilatu ya bi shi da sauri ya tambaye shi ko don nama ya saye ta ko don tafiya. Ya ce aikin Hajji zai je da ita. Sai ya gaya masa akwai rauni a tafin ƙafarta. Mai raƙumar ya yi fushi cewa an ɓata masa ciniki, Wasilatu ya nuna masa cewa bayyanawa wajibi ce a kan duk wanda ya sani. Ba shi ne mai kayan ba, amma bai ga ya halatta ya yi shiru ba.

Haka nan bakaniken da mai saye ya ɗauko domin ya duba masa mota, sannan ya zagaya ya karɓi na goro a hannun mai sayarwa ya ce lafiyarta lau, ya haɗa cin amana da shaidar zur. Waɗanda kuma ake jerawa a gefen mota suna taya ta da tsada alhali ba saye za su yi ba, wannan shi ne najashi, kuma hani a kansa ya tabbata a Bukhari da Muslim.

ABIN DA DOKAR ƘASA TA TANADA

A farkon shekarar 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan dokar gasa da kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC a madadin majalisar kare masu saye da aka kafa da dokar soja ta 1992. Sashe na 117 ya wajabta wa mai sayar da kayan da aka yi amfani da su ko aka sake gyarawa ya bayyana haka a fili. Sashe na 131 ya ba mai saye haƙƙin samun kaya masu inganci da suka dace da abin da ake sayensu dominsa. Sashe na 132 ya ba shi damar mayar da kayan da suka gaza cika wannan sharaɗi cikin wata uku da karɓarsu, a gyara masa, ko a musanya, ko a mayar masa da kuɗinsa. Jihohi kamar Kano suna da tasu hukumar ta kare masu saye, ga kuma Hisba da kotunan Shari'a. Neman haƙƙi ta waɗannan hanyoyi bai saɓa wa tawakkali ba, kuma barin azzalumi ya ci bulus yana ƙarfafa shi ya cuci na gaba.

NASIHA GA MAI SAYE

Kafin ka biya, tafi da bakanikenka wanda kai ka zaɓe shi, a ɗaga motar a duba ƙarƙashinta, a sa mata na'urar bincike, a tayar da injin da safe yana sanyi, a hau titi da ita. Yawancin motoci suna da lambar shasi mai haruffa da alƙaluma 17. Ka gwada ta jikin motar da ta cikin takardu, kuma idan daga Amurka ta fito, ana iya binciken tarihinta da wannan lamba ta intanet. Ka tabbatar da takardun kwastan kafin kuɗi su bar hannunka.

Sannan a rubuta. Aya ta 282 a Suratul Baƙara, wadda ita ce mafi tsawo a cikin Alƙur'ani, ta yi umarni da rubuta bashi da kafa shaidu a kan ciniki. A rubuta farashi, da lambar shasi, da abin da mita ta nuna, da aibobin da aka bayyana, da abin da mai sayarwa ya ce babu. Ka kuma nemi sharaɗin zaɓi na wasu kwanaki sanannu domin gwaji, Shari'a ta yarda da shi. Kunyar neman takarda daga aboki ita ce takan kashe abotar daga baya.

Idan aibi ya bayyana, ka ajiye motar nan take, ka sanar da mai sayarwa a gaban shaidu, kada ka bari a kwance injin kafin ya gani. A samo masana biyu adilai su faɗi ko aibin tsoho ne ko sabo, domin hujja tana kan mai da'awa, rantsuwa kuma tana kan wanda ya musa. A fara da sulhu ta hannun shugabannin kasuwa da dattawa, in ya gagara a tafi gaban hukuma. Kai ma ka ji tsoron Allah: kada ka lalata da hannunka ka ce tsohon aibi ne, kada ka musanya kayan cikinta ka mayar, kada ka ƙirƙiro aibi don kawai ka ga wata ta fi ta araha.

Ku kuma 'yan kasuwa, ku tuna hadisin Hakimu bin Hizam (RA) da ke cikin Bukhari da Muslim, cewa gaskiya da bayyanawa suna jawo albarka a ciniki, ƙarya da ɓoyewa suna shafe ta. Ku tuna Sayyidina Umar (RA) ya hana wanda bai fahimci addini ba yin ciniki a kasuwar Musulmi. Wanda ya ce wa mai saye, giyar nan tana da matsala, ga ragin da na yi saboda ita, zai ci riba kaɗan a ranar, amma ya sami mutumin da zai kawo masa ɗan uwansa da maƙwabcinsa. Wanda kuma ya karɓi kayansa daga mai nadama ko da babu aibi, an yi masa bushara a hadisin Abu Dawuda cewa Allah zai yafe masa tuntuɓensa. Duk wanda ya san akwai kuɗin wani a hannunsa ta hanyar motar da ya rufa wa asiri, ya nemi mai ita ya warware tun yau, kafin ranar da ba a biya da naira sai da kyawawan ayyuka.

Muna roƙon Allah (SWT) ya tsarkake kasuwanninmu daga algus, ya wadatar da mu da halal ɗinsa ga barin haram ɗinsa, ya sa mu cikin masu jin magana su bi mafi kyawunta. Allah ya yi daɗin tsira ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.